Ƙaramin Sabulu

Sati biyu kafin ya kwanta
Baba Cindo ya mayar da tsanin maƙwabci,
wanda ya ara tun shekarar da tafkin Babaye ya cika ya batse.
Ya dogara sanda har tashar Tawa
ya biya Ɗan Tanin jaka uku, kuɗin albasa
da mai bin bashin kansa ya manta.
Da ya dawo ya ce da ni:
"Ki bar sayen babban sabulu, ƙarami ya ishe ni."
Na yi dariya.
Dariyar nan har yau tana ci na a ƙirji.

Yunana ya taso daga Yamai a motar dare,
fasto ne, muryarsa ta saba da cika ɗaki.
Attahiru ya zo daga Ƙonni da carbi a wuya,
shi da muka yi ƙuruciya muna kira Bitrus.
Tabarma ɗaya na shimfiɗa musu a bakin gado.
Kuskurena ke nan.

Kafin shayi ya huce sun soma.
Attahiru ya nuna Littafin da ke gefen matashi:
"Wannan ya ratsa hannu dubu kafin ya iso mu,
kowane hannu da guminsa.
Mai kwafe ya yi gyangyaɗi, tawada ta zube,
na bayansa ya cike gurbi da abin da ke ransa.
Wa ya ga na farin?"
Yunana ya ce: "Mutum huɗu sun ga gobara ɗaya.
In bakinsu ya zo daidai kamar haƙoran mashaci
kai ne na farkon cewa sun haɗa baki."
Suka ɗauko shekaru, suka ɗauko harsuna,
sunayen garuruwan da babu wanda ya taɓa takawa cikinsu.
Ni kuwa auduga nake tsomawa a ruwa
ina shafa wa tsoho a leɓe.

Can tsakar dare, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
sai ya buɗe ido tarwai.
"Ku matsa, kun tare mata hanya."
Wa, Baba?
"Gwamma mana. Ta ɗauro zanen Kirsimeti,
ga shi ƙafar ta warke, ba ta ɗingishi."
Shekara tara ke nan da muka binne ta.
"Akwai wani a bayanta riƙe da guga,
wandonsa jiƙe har gwiwa kamar mai ban ruwa a garka."

Yunana ya durƙusa: "Baba, dubi tafinsa, akwai tabo?"
Attahiru ya sunkuyo: "Me ya ce ka faɗa? Da wane harshe?"
Tsoho ya haɗiye wani abu da ba mu gani ba,
maƙogwaronsa ya hau, ya sauka.
"Ban duba ba," in ji shi.
"Ruwa ya miƙo mini."

Ya cika tsakanin kiran assalatu da carar zakaranmu,
wanda kullum yake makara.

Bayan kwana uku muka buɗe Littafin.
Gara ta cinye masa tsakiya tun wata damina,
Baba ya liƙa takardun lakwal a gurbin,
ya rubuta ayoyin da ka, da shuɗin biro,
wata ya tsallake, wata ya maimaita,
a gefe kuma ga farashin buhun albasa
da ranar da aka haifi kowannenmu.

Attahiru ya ɗora yatsa a kai: "Ka gani?"
Yunana ya ɗora nasa kusa: "Ka gani?"
Daga nan babu wanda ya ƙara,
don sun iso layin da aka sa Bitrus, ran Laraba, ana ruwa.

Na bar su na zaga bayan ɗaki.
Sabulun na nan bisa dutse,
ya rage kamar ƙwallon dabino.
Da sauran wanka ɗaya a jikinsa.