Baƙo a Bakin Ƙofa

Shagona na nan gab da Ƙofar Ƙaura,
tsakanin mai faci da mai katin waya.
Ranar Laraba, bayan la'asar, janareta na ta tari,
Malam Sada ya yi sallama,
ya kwance ƙulli a bakin hankici
kamar mai fito da kuɗin da bai so a gani ba.

Filashi ce, 'yar baƙa, murfinta ya ɓata.
"Ɗiyata ta aje mani abu ciki.
Shago biyu na kai ta, sun ce ta mutu."
Na ce, Baba, zauna tukuna,
ba a haƙa wa mai numfashi kabari
tun ba a taɓa jijiyarsa ba.

Na soka ta a ramin gaba. Shiru.
Can sai ɗan rubutu ya leƙo daga kusurwa,
wai ga wani baƙo tsaye a ƙofa
amma ba a gane shi ba.

Na zagaya ramukan baya.
Na cire firinta, na cire linzami,
kada su shanye mata wuta.
Na kashe injin, na zare waya daga bango,
na ƙirga talatin a zuci
yadda maigidana ya koya mini ina yaron shago.
Na kunna.
Ba ta sake magana ba.

Na goge direba, na bari ta nemo sabo.
Na aro laftof ɗin Rabe mai hoto,
ita ma ta kau da kai.
Gida biyu sun ƙi baƙo ɗaya,
to, laifin ba na masauki ba.

"Me take cewa?" in ji shi.
Na fassara masa.
Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba.

"Haka Turai ke ce mani.
Shekara arba'in da ɗaya tana dama mani fura,
bara ta fara tambaya: bawan Allah, wa kake nema?
In na shiga ɗakinta sai ta ja mayafi.
Cikin abin nan akwai muryarta
ranar sunan jikanmu a Rafindaɗi,
tana yi mani tsiya kan hular da na karkata.
Shi nake so in ji. Ban zo don hoto ba."

Na ɗauko tocila na haska bakinta.
Ɓurɓushin goro, zaren aljihu,
da wani ɗan harshen tagulla da ya kwanta
kamar haƙorin da aka ci dutse da shi a shinkafa.
Allura. Auduga. Ɗigon sifirit.
Na tashe shi a hankali, ina riƙe numfashi,
don in ya karye, ko Legas aka je
ba lallai a samo muryar ba.

Na soka.
Ƙiling.
Injin ya amsa sallama.

Na kwafe wuri uku kafin in danna.
Sai ga mace ta cika shagon,
tana dariya, tana cewa
"ku dubi Malam, kamar ɗan kamasho!"
Mai faci ya ajiye guduma.
Malam Sada ya kai hannu ya gyara hularsa,
bai ma san ya yi ba.

Ya biya ɗari biyar, ya ƙulle ta a hankici.
A bakin ƙofa ya juyo:
"Ita kuma wane rami za a gwada?"
Na dubi allura, na dubi auduga.
Ban ce komai ba.

"Bari," ya ce, "gobe zan sake yi mata sallama.
Kai ma ba a karon farko ta karɓe ka ba."