Jan Hannun Agogo

A buhun shinkafa na kai ta Dilimi,
ruwan Agusta na dukan kwanon rumfuna.
Davou ya share tebur da gefen hannu,
ya ce, "Sauke ta a hankali, ta girme ki."

Kaset yana juyawa, ba shi ya kawo ni ba.
Agogon da ke goshin rakodar ne ya yi gum,
ya ƙage a tara saura kwata
tun ban iya ɗaurin zane ba.

Ƙusoshi shida, ɗaya ya ci kansa.
Ya tara su a murfin kwalbar man zafi.
Ciki kuwa, ƙwan kyankyaso, saƙar gizo,
da wani ɗan batir da ya yi amai ya bushe,
kore shar, kamar gansakukar bakin rijiya.

Lemun tsami. Tsohon buroshin haƙori.
Tsinken ashana da auduga a kai.
Yakan hura, yakan kanne ido ɗaya,
har ya kamo wayar da ta tsinke,
siririya, gashin jariri ya fi ta kauri.

Sai aka ɗauke wuta.
Bai yi tsaki ba. Ya miƙa ƙarfen liƙi
cikin garwashin mai gasa masara,
ya dawo da shi, ya ɗiga dalma ɗis.
"Akwai kuza a cikin wannan," in ji shi.
Na ce babana ya wanke ta a Bukuru
shekara ashirin da biyu, ƙafa cikin ruwa.
Ya ce ramin gonar kakansa ce.
Muka bar wa ruwan sama maganar.

Ƙas.
Ƙas, ƙas.
Dogon hannu ya motsa kamar mai jin kunya.

Ya saita shi da wayarsa, biyar da minti goma,
sannan ya nuna wani ɗan jan hannu
da ke kwance tsakanin huɗu da biyar.
"Na tashin barci ne. In mayar miki shida?"
Na ce bar shi inda mai shi ya bar shi.

Daren nan a Gangare, sanyi har ƙashi,
huɗu da rabi wani abu ya ce ƙyat,
kaset ya kama tafiya shi kaɗai.
Ba kiɗa. Tari ne, da ƙarar cokali a kofi,
sai murya: "Ladidi, yana ɗauka kuwa?
Ce wani abu mana."
Inna ta yi dariya, ta ce, "Me zan ce?"
Daga nan sai shuuu.

Na tashi zaune.
Ba ramin da ke jirana, ba motar ma'aikata.
Duk da haka na sauko,
na ɗora ruwa a wuta.