Ranar da Na Kai Kawu Arzika Ganin Gida

Mun bar Tawa ana kiran assalatu,
motar aro ce, madubinta ɗaure da roba.
Kawu Arzika na gefena, hula bisa gwiwa,
ido guda ya yi yana, ɗayan na bin sawu.
Ya ce, "Tuƙa sannu, ɗan ƙanwata,
ba kasuwa za mu ba."

Shekara talatin da bakwai yana bida a Abijan,
ya dawo da akwati biyu da tari.

Inda gudiron ya ƙare, jar ƙasa ta karɓe mu.
Ga rumbuna sun zauna bakin gari
kamar tulunan da aka manta a rana,
kowane da ƴar hularsa ta shuci.
Wata tsohuwa ta tsai da mu da hannu,
ba don komai ba,
sai don ta ji ɗan wane ne a ciki.
Ta ba mu fura a ƙwaryar da aka ɗinke sau uku,
Kawu ya sha, ya yi shiru,
ya ce nonon nan ya san ciyawar da aka ci.

Gaba kaɗan, masallacin laka,
hasumiyoyinsa ba mai kama da ƴar'uwarta.
Ya dafa bango, ya lalubi shatin yatsun masu yaɓe,
ya sa tafinsa cikin na wani
da ba wanda ya riƙe sunansa.

Sai ya ce, "Yanzu mu nemi fako.
Tudu ne tsirara, ko ƙaya ba ta fita,
nan na yi kiwon awakin babanmu,
daga can ana hango gidanmu."

Muka hau, muka sauka, muka koma baya.
Taya ta yi faci a gindin wata aduwa.
Babu fako.
Sai bagaruwa da farar ƙaya sun haɗa kai,
layin duwatsu na bin kwanciyar tudu,
gero ya sunkuya a cikin tassa.

Wani makiyayi, Nomau, ya kama mani jak.
Na tambaye shi, ya yi dariya:
"Kan shi kuke tsaye.
Uwayenmu mata suka jido dutsen nan da ka,
rani bayan rani,
sa'ad da maza ke can bakin teku."

Kawu ya zauna a inuwa.
Ya ɗebi ƙasa, ya shinshina,
ya daɗe bai buɗe hannun ba.

Da la'asar sakaliya muka juyo.
Buhun albasa a baya yana cika mota da yaji,
shi ya sa, in ji shi, idonsa ke ruwa.
Ban ce komai ba.
Na rage wuta don garken shanu ya ƙetare,
fitilun Tawa na kunnuwa ɗaya-ɗaya,
shi kuwa yana kirga sunayen matan garinsu
a hankali, kamar mai jan carbi.