Mai Gyaran Rediyo a Ƙofar Marke

Rumfata tana bayan masu gyaɗa.
Ƙarfen dalma, tabarau mai ƙafa ɗaya,
da gawawwakin rediyo jere bisa kanta
suna jiran masu su, waɗanda ba za su dawo ba.

Bayan la'asar Labbo ke zuwa, Arzika na biye.
Benci ɗaya suke zama.
Shekara talatin ba su taɓa shan inuwa ɗaya a magana ba.

Ranar nan Arzika ya zo da saƙon ɗansa
mai wankin kwanuka a wani birnin Turai:
masu cewa a kori baƙi sun ci zaɓen gari,
an yi rubutu da jan fenti a ƙofar masallacinsu.
Yaron bai faɗi abin da aka rubuta ba,
ya dai ce ya daina shiga jirgin ƙasa da jallabiya.

Labbo ya tofar da tuƙar goro.
"Gidansu na. Mai gida shi ka faɗin inda za a shimfiɗa tabarma.
Kuma wa af faɗa maka? Tashar ga taka?
Su ka dafa labari, su zuba gishirin da sunka so."

"Taka tashar fa?" in ji Arzika.
"Ran da anka ɗauke yaron ga na Mabera
don ya rubuta a waya
rijiyar burtsatsen unguwarsu a takarda kawai take,
mi tac ce?
Kalangu tab buga muna har isha'i."

"Yaron ba shi da kunya."

"Rashin kunya ne wata huɗu ba a ga alƙali ba?"

Sai suka juyo gare ni,
wai ni na san cikin abin:
wace tasha ce mai gaskiya?

Na ce ni waya nake haɗawa.
Na buɗe fiye da dubu,
ban taɓa samun gaskiya kwance a ciki ba, balle ƙarya.
Kyankyasai na samu, da gidan zanzaro,
sau ɗaya ma ɗan kunnen wata tsohuwa.
Allura ce kowa ke murɗawa
har ta tsaya inda ake faɗin abin da ya kwana da shi.

Labbo bai ji ni ba, ya riga ya hau.
"Mu ma nan, da za a bi tawa,
duk wanda ba a binne cibiyar kakansa a garin ga ba
shi tattara komatsansa."

Hamani mai shayi yana tsiyaya daga sama.
Na ga zaren shayin ya tsinke.

Daga Dosso ya zo, tun ba a yi kwaltar nan ba.
A Rijiyar Ɗorawa aka yanke wa 'yarsa cibiya.
Sau uku ta je neman takardar asali
don makarantar jinya,
sau uku ana ce mata ta kawo sunan kakanta.

Bai ce komai ba.
Cokali uku na sukari, yadda Labbo ke so,
ya miƙa masa, bai tuna masa bashin jiya ba.

Labbo ya riƙe kofin, zafi na cin yatsunsa.
"Ba da kai nike ba, Hamani. Kai ai namu na."

Arzika ya dubi takalminsa.
"Haka maƙwabcin ɗana yac ce mai,
da safen da yad dawo daga jefa ƙuri'a."

Ladan ya ceto mu.
Sahu ɗaya suka tsaya, su ukun,
ƙafa na taɓa ƙafa,
ban san abin da kowa ya roƙa ba.

Da na dawo rufe rumfa
na tarar Labbo ya bar mini rediyonsa,
wai ta fara shaƙewa kwanan nan.

Na kunna. Lafiyarta lau.
Na bar allurar tsakanin tasha biyu,
inda ba a jin komai sai shuu,
kamar ruwan farko yana tahowa daga bakin Rima.