Buhu Arba'in da Biyu

Litinin bayan la'asar Alhaji Lauwali ya leƙo,
bai zauna ba, yana fifita da hularsa.
"Kulu, allo guda nika so, ba tarin takardu ba.
In duba in san mi injin ga yac ci, mi yaf fitar."

Jadawali huɗu gare ni, kowanne da halinsa.
Na bakin ƙofa, na mai sikeli, mai son gajarta suna.
Na sito, rubutun Sahabi, tsaf kamar ɗinkin hula.
Na injin, wanda Modi ke cikawa da yatsa mai baƙin mai.
Na huɗu ɗan littafin Altine ne, na awon danshi,
tun da aka saye shi babu mai tambayarsa.

Haɗa su sai an sami abin da suka yi tarayya:
lambar mota, da ranar da ta shigo.
To ga Goronyo nan, ga Gwaranyo, ga G/nyo,
gari ɗaya, kwamfuta na rantsuwa uku ne.
Ga uku-huɗu a layin kwanan wata,
uku ga Afrilu ne, ko huɗu ga Maris?
Na kira mai sikeli, ya ce ranar dai an yi zafi.
A Sakkwato wannan ba amsa ba ce.

Haɗin farko layuka suka yi ta haihuwa,
har muka casa shanshera fiye da ta fadamar Rima duka.
Na goge. Na sake. Shayina ya huce.

Laraba allon ya tsaya da ƙafarsa.
Kore a nan, ruwan ɗorawa a can,
sai akwati ɗaya ja, kamar garwashi:
ɗari shida sun shiga sito,
ɗari biyar da hamsin da takwas suka isa bakin injin.

Alhaji bai daɗe yana kallo ba.
Aka kira Sahabi. Shekara sha tara yana riƙe da sito.
Ya kwance makullai daga igiyar ƙugunsa,
ya aje su gefen madannaina a hankali
kamar mai gudun tada jariri.
Bai ce komai ba. Ni ce na gina akwatin nan ja.

Ban tafi gida ba. Janareta na ta gunaguni,
sauro daga gulbi suna cin rabonsu a idon sawuna.
Wajen sha ɗaya na tuna da littafin Altine.
Na buga shi layi-layi, shafi talatin da ɗaya,
na ɗaura shi da lambar mota.

Danshi ashirin cikin ɗari ranar shigowa.
Sha huɗu ranar da ta bar wurin shanya.
Na lissafa sau uku, hannuna na rawa:
arba'in da biyu, ba ƙari, ba ragi.
Ruwa muka saya a farashin shinkafa,
rana ta zo ta karɓi kayanta.

Da safe na ƙara layi ɗaya a allon,
na rubuta masa suna: abin da ya bi iska.
Alhaji ya karanta, ya shafa gemu,
ya ce, "Ashe ɓarawon sama yake."
Ya tura makullan da kansa, bai aiki yaro ba.

Sahabi ya ɗaura su, ya matso kusa da gilashin,
ya ce, "Ɗiyata, wane launi na nawa ciki?"
Na nuna masa koren. Ya jinjina kai, ya fita.

Akwai wani ja ƙarami a daren Alhamis,
man gas ya fi awoyin aiki yawa.
Ban nuna wa kowa ba tukuna.
Sai na tambayi wa ke da littafi na biyar.