Gwaji Kafin Lodi

Ƙarfe tara na dare a Yawuri,
wuta ta tafi tun la'asar.
Lita biyu ta rage a janareton Manu mai shago,
ni kuma ina gina manhaja daga tushenta.

Gini ya ƙare. Allo ya tsaya yana dubana:
a gwada, ko a wuce?
Gwaji dubu huɗu da 'yan kai,
awa uku, in inji bai yi tari ba.
Dantani ya ce ta waya: Wuce abinki, Tumba,
masu ita sun gwada a can,
ke ce za ki fi su sani?

Sun gwada a can.
Ruwan can ba ruwan nan ba ne.

Babana jirgi yake haɗawa a bakin Kwara.
Bai taɓa gwada filafili ba,
in ya karye a sassaƙa wani.
Amma jirgin kansa
sai ya kwana uku a ruwa da buhunan yashi
kafin ɗan mutum ya sa ƙafa.
Da asuba ya duƙa, ya bi kowane haɗi da tafin hannu.
Wani tsattsafin ya ce a bar shi,
katako zai sha ya kumbura, ya rufe bakinsa.
Wani kuwa ɗigo ɗaya tak,
ya ce a jawo jirgi tudu.
Har ya rasu ban gane yadda yake bambance su ba.

Abin da na gina yau ba filafili ba ne.
A kansa sauran za su hau,
har da lissafin maganin yara
na ƙaramin asibitin Zamare.

Na kashe fanka, na kashe ƙwan waje,
na danna.
Layuka na gudu kamar 'yan kifi a gaɓa,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawuna.

Sha biyu saura, uku suka faɗi.
Biyu intanet suke nema, babu ita:
tsattsafi ne, na bar su.
Na ukun ya raba lamba
ya samo saura inda babu saura.

Janareto ya yi tari, ya yi shiru.

Na zauna cikin duhu
da ɗigo ɗaya a tafin hannu.
Gobe sai na ranci mai wajen Manu.
Jirgi tudu.