Bene na Huɗu, Penang

Shekara sha tara matakalarmu ɗaya,
ni da tsoho Khoo Beng Huat da Kanagavalli mai ɗinki.
Ƙofa uku a bene na huɗu,
kowace da irin hayaƙinta.

Watan da suka ce matattu na yawo da yunwa
Khoo kan ƙona kuɗin takarda a tsohuwar garwa,
tokar ta sauka kan shanyata.
Nakan kakkaɓe, in sake wanki, ba na cewa uffan.
Shi ma kiran asuba na tashinsa
tun jirgin fiton da nake wa aiki bai bar gaɓa ba,
bai taɓa ce mini a rage lasifika ba.
Kanagavalli kan zana fure da garin shinkafa a bakin ƙofa.
Ƙafata ta koyi tsallake shi
ko na dawo barci na fizgar idona.

In ya soya naman da ba na ci, yakan rufe taga.
In an yi layya, ba na wuce ƙofarta da naman sa a leda.
An ce zo mu zauna, zo mu saɓa.
Mu mun zauna, har na ɗauka saɓanin ya ɓata hanya.

Sai ruwa ya kwanta a kwata, sauro ya tashi,
ya sauka kan jikarsa Siew Lan, 'yar shekara shida,
mai ce mini Kawu, mai roƙon in busa mata usur.
Kwana uku ina jin nishinta ta bango.

Khoo ya je ɗakin bauta,
ya karɓo takarda rawaya mai jan rubutu,
ya ƙona, ya jiƙa tokar a kofi, ya ba ta.
Ban raina kofin ba.
Ni ma kakata ta yi mini tofi a ruwa na sha,
har yau ina tuna sanyinsa.
Na ce, Baba Khoo, a haɗa da asibiti.
Ya ce an ce kada ta ƙetare ƙofa sai ta kwana bakwai.
Ya ce, Zaharin,
na taɓa shiga tsakaninka da Ubangijinka?

Bai taɓa ba.
Na koma ɗaki da maganar a ƙirji kamar dutse.

Dare na huɗu Kanagavalli ta buga ƙofata:
jini a dasashin yarinyar, da idonta ta gani.
Na shiga gidansa da takalmi,
abin da ban taɓa yi ba.
Na wuce hoton matarsa da turaren da ke ci a gabansa,
na sungumi Siew Lan,
ba ta kai igiyar ɗaure jirgi nauyi ba.
Tsoho ya riƙe rigata har ta yage.
Wajen fita na taka furen shinkafa,
mai furen tana gabana tana haska matakala da waya.

Ta rayu.
Likita ta ce dare ɗaya ya rage.
Khoo ya ce tokar ce ta riƙe ta har muka isa.
Ban yi musu ba.

A masallaci wani ya dafa kafaɗata,
wai na kyauta, na tona ƙaryarsu.
Na tashi na bar masa dardumar.
Ba kofin na je fasawa ba.
Abin da babba ya ɗora wa kansa, nasa ne, ina kauce masa.
Yarinyar ba ta ɗauki alkawari da kowa ba,
zazzaɓi kawai take yi.

Wata biyar ke nan bai amsa gaisuwata ba.
Kanagavalli ta ɗinke rigar, da zaren da bai dace ba.
Jiya da magariba ya ɗora kasko,
mai ya fara ƙara.
Ina tsaye a matakala da makulli a hannu
na ji ya ja taga ya rufe.